Damina A Barikin Bama

Ya ku 'yan makaranta, na gwamnati da na mishan, labarin da muka zo muku da shi yau na sojojin ƙasarmu ne, waɗanda aka kai ƙasar Bama a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Littattafan tarihi sukan ba da labarin ranakun da aka gwabza, da garuruwan da aka ci, da sunayen manyan hafsoshi. Amma ranakun gwabzawa kaɗan ne cikin kwanakin soja. Yawancin kwanakinsa a sansani yake yin su, yana neman inda zai kwanta, da abin da zai ci, da yadda zai tsare lafiyarsa. A Bama kuwa babban abokin gaban da mutanenmu suka kwana da shi suka tashi da shi, shi ne ruwan sama da cututtukan da yake jawowa. Yadda suka zauna da wannan ruwa har suka fi ƙarfinsa, shi muke so ku sani.

Ma'auni daga gida

Bari mu fara daga gida, don kowa ya sami mudun da zai auna abin da za mu faɗa. Illela gari ne a arewa da birnin Sakkwato, a bakin iyakar Nijeriya da Nijar, tsakaninta da Birnin Ƙwanni tafiya ce 'yar kaɗan. Duk wanda ya tashi a wannan yanki ya san darajar ruwa tun yana goye. Damina takan sauka wajen watan Yuni, kafin Oktoba ta kama ta ɗauke. Ruwan shekara duka, in an auna shi, da wuya ya wuce inci 25. In an kwana biyu ba a ga hadari ba, gero ya fara lanƙwasa, sai malamai da yara su fita roƙon ruwa. Mutumin Illela bai san ruwa da komai ba sai albarka.

To, a gaɓar Arakan, watau yammacin Bama, inda aka kai sojojinmu, ruwan da ake yi a shekara yakan kai inci 180 zuwa 200. Kun ga ke nan damina ɗaya a can ta kai damina bakwai ko takwas a Illela. Ruwan watan Yuli kaɗai a garin Akyab yakan kusa kai na shekara biyu a wurinmu.

Kada ku zaci sihiri ne, dalilin a fili yake. Iskar da take kawo mana damina daga teku take tasowa, ta kudu maso yamma. Kafin ta iso Illela ta yi tafiyar mil wajen 500 a kan tudu, ta zubar da mafi yawan ruwanta a kurmi, ragowar ce take iso mana. A Arakan ma iskar daga teku take tasowa ta kudu maso yamma, amma ƙasar a bakin tekun take, ga kuma jerin duwatsu sun tare ta baya. Da gizagizai sun taso sai su ci karo da duwatsun, su juye abin da suka ɗauko nan take. Haka ake yi tun daga ƙarshen Mayu har Oktoba.

Yadda aka yi aka je

Rundunar da mutanenmu suka shiga tsohuwa ce. Lugga ne ya kafa ta a 1897 don tsaron iyakokin ƙasashen Ingila na Afirka ta Yamma, a 1914 kuma aka haɗa sojan Arewa da na Kudu suka zama runduna ɗaya ta Nijeriya. Akwai Hausawa a ciki, da Fulani, da Barebari, da Zabarmawa, da Dakarkari, da Tibi, da sauran kabilu, amma Hausa ita ce harshen bariki, har hafsoshi Turawa ma sai sun koye ta.

A watan Yuni na 1940 Jamus ta ci Faransa. Masu mulkin Nijar suka bi gwamnatin Bishi, wadda ta yi sulhu da Jamus, sai ga iyakar da ta ratsa tsakanin Illela da Birnin Ƙwanni ta zama abin tsaro, alhali mutanen da ke tsallaken nan da na tsallaken can dangin juna ne, kasuwarsu ɗaya, harshensu ɗaya. Saboda tsoron abin da zai iya fitowa ta irin wannan iyaka aka yi ta ɗaukar kurata ta hannun sarakuna da hakimai, runduna ta yi ta girma. A ƙarshen 1942 ƙasashen Faransa na Afirka ta Yamma suka komo gefen Ingila da abokanta, tsoro ya kau, aka wayi gari ga soja tuli ba abokin gaba a kusa.

A daidai wannan lokaci kuwa Ingila tana cikin matsi a gabas. Japan ta ci birnin Rangun a watan Maris na 1942, ta kori sojan Ingila har iyakar Indiya. Janar Gifad, wanda ya shugabanci sojan Afirka ta Yamma, ya ba da shawara a kai su can. Hujjar da aka kafa ita ce wai mutanen Afirka sun saba da kurmi, kuma sun iya ɗaukar kaya a ka inda mota ba ta shiga. Maganar kaya gaskiya ce. Maganar kurmi kuwa, in ta yi daidai a kan mutumin Benin, ba ta yi daidai a kan Basakkwace ko Bakatsine ba, wanda ya tashi a fili fetal, yana hango raƙumi tun daga nesa. Da yawa cikinsu ba su taɓa ganin kurmi ba sai da aka kai su kudu koyon yaƙi, ba su taɓa ganin teku ba sai ranar da aka sa su jirgi a Ikko.

Aka shirya manyan runduna biyu a 1943, ta 81 da ta 82. Ta 81 ta fara tashi, ta zaga ta kudancin Afirka, ta sauka Indiya a wannan shekara. Ta 82 ta bi baya a 1944. Tare da 'yan Nijeriya akwai mutanen Gwalkwas, wadda ta zama Gana a 1957, da na Saliyo, da na Gambiya.

Gina sansani

A ƙarshen 1943 runduna ta 81, a ƙarƙashin Janar Wulna, ta taru a wani wuri da ake kira Ciringa, kudu da Citagon. Daga nan suka sare hanya ta mil wajen 75 cikin duwatsu da kurmi zuwa kwarin kogin Kaladan, da adda da diga da shebur, har ƙaramar mota ta iya bi. Suka yi yaƙi a kwarin cikin rani na 1944. Da damina ta kawo jiki aka janye mafi yawansu zuwa wajen Ciringa, a nan suka yi zaman marka. Runduna ta 82 ita kuma ta yi daminar 1945 a gaɓar Arakan, wajen Taungup da Sandowe, inda ruwan ya fi ko'ina yawa.

Wanda ya ji an ce bariki, sai ya tuna da dogayen gine-gine masu rufin kwano kamar na Kaduna ko Zariya. Barikin Bama ba haka yake ba. Soja shi ne magini, shi ne mai sassaƙa. Allah ya hore wa ƙasar gora, irin mai kauri wadda ta fi tsawon rimi ƙarami, da ita ake yin komai. A kafa ginshiƙai da gora, a tsaga wata a saƙa kamar zana a yi bango, a rufe da ganye ko ciyawa. Irin wannan bukka a can basha ake ce mata. Ba a kwana a ƙasa, sai an ɗaura gado na tsagaggen gora a ɗaga shi sama, don ƙasa kullum a jiƙe take. Da gora ake yin gada, da ita ake yin indararo, har kofin shan shayi da ita ake yi. A nan gwanintar mutanen ƙauye ta fito. Wanda ya saba yi wa ɗakin uwarsa baibaya kafin damina, ba sai an koya masa ɗaurin jinka ba.

Bayan bukka sai magudana. Sansanin da ba a haƙa masa lambatu ba, dare ɗaya ya isa ya mai da shi fadama. Ramukan tsaro da aka haƙa don fakewa daga harsashi sukan cika da ruwa, mai gadi ya kwana tsaye a ciki. Hanyar da mota ta bi jiya, yau ta zama taɓo, ƙoramar da aka tsallaka da ƙafa da safe, da la'asar ta zama kogi. Gaɓar kuwa ba ta da dutsen da za a fasa a shimfiɗa a hanya, sai da injiniyoyin soja suka kafa wuraren gasa tubali a gefen babbar hanya, aka kawo gawayin kwal daga nesa, aka shimfiɗe hanyar da jan bulo.

Abin da ruwa bai tafi da shi ba kuwa, danshi ya ci shi. Tufa ba ta bushewa, bargo ya yi fumfuna, takalmi ya ruɓe, ashana ta ƙi kamawa. Bindigar da aka goge da safe, kafin dare ta fara tsatsa. Saboda haka aikin sansani ba ya ƙarewa, yau gyaran rufi, gobe yasar lambatu, jibi ɗaurin gadar da ruwa ya karya.

Abinci daga sama

Tun da hanya ba ta da tabbas, ta ina abinci yake zuwa? Daga sama. Runduna ta 81 tana cikin manyan rundunonin farko da aka ciyar da su wata da watanni ta jirgin sama kaɗai. Jiragen da ake kira Dakota su zo su yi shawagi bisa wani fili da aka share, a tunkuɗo buhuna da akwatuna, waɗansu da laima, waɗansu haka nan. Shinkafa, da naman gwangwani, da shayi, da sukari, da harsashi, da magani, har wasiƙun gida, duk ta nan suke saukowa. Mutumin da ya tashi da tuwon dawa da furar gero ya koma cin shinkafa safe da yamma, goro kuwa ya zama abin marmari.

Da rani wannan dabara takan tafi daidai. Da damina kuwa gizagizai sukan sauko su rufe duwatsu, matuƙin jirgi ba ya ganin ƙasa. In jirgi bai zo ba, sai a rage awo, a jira. Waɗanda suka fi shan wannan wuya su ne bataliyoyin Nijeriya uku, ta 6 da ta 7 da ta 12, waɗanda aka haɗa da rundunar Janar Winget da ake kira Cindit. A 1944 aka sauke su da jirage a bayan sojan Japan, can tsakiyar Bama, suka tsare sansanonin da aka kewaye da waya. Ɗaya daga cikin sansanonin har Farin Birni ake ce masa da Turanci, saboda yawan fararen laimomin da suka maƙale a itatuwa. Winget ya mutu a haɗarin jirgi a watan Maris na shekarar, amma mutanen suka ci gaba da yaƙi cikin tsakiyar damina, ba a fitar da su ba sai wajen Agusta, sun rame, cuta ta ci ƙarfin da yawa.

In kaya sun faɗo, wa zai kai su inda ake bukata? A nan za mu ambaci waɗansu mutane da ba a cika tunawa da su ba, watau 'yan ɗaukar kaya. Su ma soja ne, da kaki da lamba, amma yawancinsu ba a ba su bindiga ba, sai adda. Kowa ya ɗora kaya na laba wajen 40 a ka, ban da nasa na goyo, ya hau dutse mai santsi, ya ratsa rafi, harsashi kuwa bai san wanda ke da bindiga da wanda ba shi da ita ba. In an sauka, su ne masu sare filin jirgi, su ne masu ɗaukar wanda aka yi wa rauni. Ba don su ba, da rundunar ba ta iya barin hanyar mota ko da taki ɗaya.

Yaƙi da cuta

Yanzu mun zo kan zuciyar labarin. Janar Silim, shugaban babbar rundunar Ingila da ta yi yaƙin Bama, ya rubuta a littafinsa na 1956 cewa a shekarar 1943, duk mutum ɗaya da aka kwashe daga fagen fama saboda rauni, an kwashe 120 saboda ciwo. Ku tsaya ku auna wannan lissafi. Sauro da ƙuda da gurɓataccen ruwa sun fi bindigar Japan ɓarna nesa ba kusa ba.

Babbar cuta ita ce zazzaɓin cizon sauro. Sa'an nan ga atuni da gudawa daga ruwan sha. Ga wani mugun zazzaɓi da wani ɗan ƙwaro mai kama da ƙuma yake sawa in mutum ya kwanta cikin ciyawa. Ga matsattsaku a kan ganye da cikin rafi, ya shiga ta bakin takalmi ya sha jini ba a ji ba. In an fizge shi da ƙarfi wurin ya zama gyambo, sai dai a sa masa gishiri ko wutar taba ya saki da kansa. Ƙafar da ta yini cikin jiƙaƙƙen takalmi kuwa takan ruɓe tsakanin yatsu.

Maganin da aka yi wa wannan masifa rabinsa na likita ne, rabinsa na horo. Tsibirin Jawa, inda a lokacin ake samun mafi yawan kwinin na duniya, ya faɗa hannun Japan a 1942, sai aka koma ga wata ƙwaya rawaya mai ɗaci da ake kira mefakirin. Kowace rana a jera mutane kamar za a yi fareti, kowa ya haɗiye tasa a gaban saje ko hafsa. Silim ya sa a riƙa gwada bataliyoyi ba zato, shugaban da aka sami mutanensa ba sa sha, a tuɓe shi. Da magariba kowa ya sauke hannun riga, ya sa dogon wando, ya shiga gidan sauro. Ruwan sha sai an dafa ko an sa masa magani. A haƙa masai nesa da madafa da rafi, a rufe shi saboda ƙuda. Aka kuma kafa asibitocin zazzaɓi kusa da fagen fama, don kada a riƙa kai mai ciwo har Indiya ya yi watanni bai komo ba. Kafin yaƙi ya ƙare a 1945 yawan masu ciwo ya ragu ƙwarai da gaske. Mutanen Afirka ta Yamma, da yake sun tashi da zazzaɓi tun suna yara, bai cika kayar da su kamar yadda yake kayar da Turawa ba, amma atuni da gyambo da ciwon ƙirji ba su bar kowa ba.

Kun ga abin da Hausawa suke nufi da suka ce rigakafi ya fi magani. Abubuwan nan da malamin tsabta yake faɗa muku a aji, har waɗansunku suna hamma, su ne suka tsayar da runduna guda da ƙafafunta.

Zaman yau da kullum

Ba kullum ake cikin wahala ba. Akwai limamai a bataliyoyi, akwai kuma fastoci don Kirista. Azumin 1944 da na 1945 duka sun kama cikin Agusta, tsakiyar marka. Mutanenmu suka tarar da Musulmi masu yawa a wannan gaɓa, ba sa jin harshen juna, amma sallama ɗaya ce, alƙibla ɗaya ce, sai dai a can yamma ake fuskanta, ba gabas ba kamar a gida. Wani yaro ɗan ƙasar Yarabawa, Isaac Fadoyebo, ma'aikacin asibitin soja, an harbe shi a bakin Kaladan a watan Maris na 1944. Wani manomi Musulmi ya ɓoye shi, shi da wani abokinsa mutumin Saliyo, ya ciyar da su har damina ta wuce, ya sa ransa cikin haɗari saboda baƙin da bai taɓa gani ba. Fadoyebo ya komo gida ya rubuta labarinsa.

Lokacin da ruwa ya hana fita, akan buɗe aji cikin bukka. Mutane da yawa a sansani suka koyi karatun boko da ɗan Turanci, waɗansu suka koyi tuƙi, da kanikanci, da aikin waya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, ita ce take kai labarin yaƙi gida da Hausa. Sarkin Katsina Usman Nagogo, bayan ya hau gadon sarauta a 1944, ya tafi har Indiya da Bama ya gaishe da sojoji.

Amma ba za mu ɓoye muku ɗaya gefen ba. Ruwa ɗaya yake dukan baƙi da fari, albashi kuwa ba ɗaya ba ne, na Bature ya ninka na baƙin mutum mai muƙami irin nasa. Hafsoshi kusan duka Turawa ne. Seth Anthony, mutumin Gwalkwas, wanda aka ba hafsa a 1942 ya kuma yi yaƙi a Bama, shi ne zakaran gwajin dafi. Mutanen da suka ga wannan da idonsu, suka kuma ga yadda Indiyawa suke neman mulkin kansu, sun komo gida da tunanin da ba su tafi da shi ba.

Abin da ya saura

A watan Janairu na 1945 rundunonin nan biyu suka haɗu suka ci tsohon birnin Miyohaung. Japan ta miƙa wuya a watan Agusta, a 1946 kuma aka gama komo da yawancin mutanenmu gida. Waɗanda ba su komo ba, waɗansu kaburburansu suna can, waɗansu kuwa sunayensu kaɗai aka rubuta a jikin ginin tunawa da ke Taukyan kusa da Rangun, cikin sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san inda suke kwance ba. Ƙasar da kanta ta sāke. Bama ta sami mulkin kai a 1948, a 1989 aka sa mata suna Myanmar, Arakan ta koma Rakhine, Ciringa kuwa tana cikin Bangaladash.

A nan gida aka raɗa wa barikoki sunayen wuraren da aka sha wuya, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Cindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, Arakan da An da Miyohaung a Ikko. Mutane da yawa sun wuce ta ƙofar waɗannan barikoki ba su san sunayen ƙoramu da ƙauyukan wata ƙasa mai ruwa ba ne.

To, 'yan makaranta, abu biyu muke so ku riƙe. Na farko, jarumtaka ba a bakin bindiga kaɗai take ba. Wanda ya yashe lambatu cikin dare, da wanda ya dafa ruwan sha, da wanda ya hau dutse da buhu a ka, duk da su aka ci yaƙin. Na biyu, mutanen da aka ce sun san kurmi alhali ba su san shi ba, ba su tsaya gardama ba, sun buɗe ido sun koya, har suka zama gwanaye. In kun je hutu, ku tambayi tsofaffin gidanku ko akwai wani kakanku da ya je Bama. In akwai, ku rubuta sunansa da garinsu da abin da aka ji daga bakinsa, ku adana, tun kafin masu tunawa su ƙare. Allah ya ji ƙan mazan jiya, ya ba mu damina mai albarka, wadda ba ta yi kaɗan ba, ba ta kuma yi yawa ba. Amin.